Don Allah mene ne "ha-ha" da Hausa? Gobe zan shiga situdiyo

Maman Ilham: Salam jama'a, a taimaka min. Ina haɗa shirin rediyo kan manyan gidajen attajiran Ingila na zamanin sarakuna Joj guda huɗu, 1714 zuwa 1830, gobe ƙarfe goma za a ɗauka. "Stables" na sa barga, "dovecote" ɗakin tattabaru, amma "ha-ha" ta tsaya min a wuya. Rami ne ake haƙawa a bakin lambu, gefen gida a gina masa bango tsaye da dutse ko bulo, ɗaya gefen kuma gangare ne mai ciyawa, tumaki da shanu ba sa iya haurowa amma mai gida in ya leƙo ta taga ba ya ganin komai sai fili har iya ganinsa. Akwai shi a lambun gidan Stowe da ke Ingila, aikin mai tsara lambu Charles Bridgeman.

Ɗan Marina: Gwalalo mana Hajiya. An gama.

Malam Na-Zazzau: A'a ɗana, gwalalo na bayan ganuwa ne, don mahara aka yi shi kuma so ake a gan shi a ji tsoro. Wannan ɓoye shi ake. Ni na daɗe ina cewa "katangar ɓoye".

Ummi_Damagaram: Sunan "ha-ha" ɗin ma daga Faransanci ya zo, wai mamakin da mutum ke yi in ya tsinci kansa a bakin ramin bagatatan. To mu ce "af!" kawai 😂

Ɗan Marina: Katangar ɓoye kamar inda ake wasan ɓuya. Ku bar ta haha ɗinta, mota da tebur ma ai aro ne

Malam Na-Zazzau: Kun ji matsalarku ke nan yaran yanzu, komai sai aro. Mutanen da suka gina Gidan Makama da masallacin Juma'a na Zariya ne za a ce ba su da kalmar gini? Rannan na ji wani ya fassara "country house" da "gidan ƙasa", mai sauraro ya zaci ginin laka ne!

Ɗan Marina: Allah gafarta Malam to ai ni ban ce gidan ƙasa ba, kuma boskwata da kuke faɗa kullum daga ina ta zo?

Malam Na-Zazzau: Ni ban taɓa cewa boskwata ba, sashen barori nake cewa.

Maman Ilham: Baba don Allah a dawo kan ramina, dare na yi 🙏

Ummi_Damagaram: Yaya ki ce "ɓoyayyen gwalalo", sai ki ƙara da cewa Turawa na kiransa haha, jimla ɗaya ta bayani ta isa.

Maman Ilham: Na ɗauka, na gode ƙanwata. "Country house" kuma zan ce katafaren gidan karkara.

Malam Na-Zazzau: To a rediyo ya wuce. Amma in rubutu ne katangar ɓoye ta fi, domin bangon ne ke tare dabba.

Maman Ilham: Saura "folly", ginin da aka yi don ado kawai, wani ma da gangan ake gina shi kamar kango…

Ɗan Marina: Aikin banza 😂