Digiri na biyu a nazarin kiɗan gargajiya: ina ake yinsa, wane aiki ake samu?

Ɗan Gobir: Assalamu alaikum malamaina. Ɗaliban da suka gama digirin farko a Hausa ko tarihi suna yawan tambaya kan nazarin kiɗa da al'adar masu shi, wato etnomiyuzikoloji. Ina ake yinsa, me ake buƙata, kuma wane aiki yake kai mutum? Masana ku taimaka.

Malam Na-Zazzau: Wa'alaikumus salam. A fara raba abu biyu. A Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, yawanci ta sashen harsunan Nijeriya ake shiga, kuma waƙar baka ake nazari: turke (wato jigon waƙa), salo, zubi da tsari. Kalmomi ake bi, ganga 'yar rakiya ce. Mai son nazarin sautin kansa sai ya nufi Cibiyar Nazarin Afirka ta Ibadan, ko Nsukka mai sashen kiɗa tun 1961, ko Jami'ar Gana da ke Legon inda masanin kiɗan Afirka Kwabena Nketia ya yi aikinsa. A Landan akwai SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka, digiri na biyu shekara 1. A Amurka akwai jami'o'in UCLA da Indiyana da Wesleyan. A can digiri na uku kan ci shekara 5 zuwa 7, kuma galibi ana ɗauke kuɗin makaranta a biya ɗalibi alawus yana taya koyarwa. Wasu sassan suna so ka iya karanta rubutun kiɗa na Turawa, don haka a koya tun a gida.

Injiniya: Malam ya yi daidai, amma ba a aji kundi yake lalacewa ba, a wajen ɗaukar sauti ne. Kada a dogara da waya, tana danne sauti da kanta, kotso da 'yan amshi su cakuɗe. A samu rikoda irin Zoom H5 ko Tascam, a ɗauka a WAV (tsarin fayil da ba ya matse sauti), bit 24, kilohaz 48. A sa makaɗi ya buga da iyakar ƙarfinsa kafin a fara, a saita allurar auna ƙarfin sauti ta tsaya wajen 12 ƙasa da sifiri. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Kakaki da algaita sukan rufe murya, saboda haka makirufo ɗaya kusa da bakin mawaƙi, ɗaya can nesa ya kwashi taron. Lokacin hunturu a rufe makirufo da soson iska, a ajiye na'ura a leda saboda ƙura. Da damina fatar ganga takan saki, sai an shanya ta ko an gasa; a rubuta watan da aka yi ɗaukar, domin amon ganga ɗaya yakan bambanta. Farkon kowane fayil a faɗi rana, gari, sunan makaɗi, kayan kiɗa da dalilin taron. Kwafi 3, a wuri 2 daban.

Hajiya Malama: Injiniya, na ƙara maka da abin da na'ura ba ta yi. Makaɗin fada ba a zuwa masa kai tsaye. Ana bi ta fada, a gaida sarkin makaɗa, a bayyana me za a yi da sautin. Idan a ɗaki aka zaunar da shi ya yi waƙa, babu sarki babu jama'a, rabin abin aka samu, domin kirari da zuga da kyauta suna cikin waƙar. A ɗauki biyun, na ɗaki don jin kalmomi, na fage don ganin aikin.

Sai maganar zambo da habaici, wadda ɗalibai ke sakaci da ita. Mawaƙi zai fassara maka wanda yake nufi saboda ya yarda da kai, ɗalibi ya je ya buga sunan a kundi. Zuriyar mutumin suna nan da ransu. A nemi izini a kan sautin, a kuma nemi wani daban a kan bayanin. Kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida kuwa, namiji ba ya shiga, sai ya horar da mace ta ɗauka, ya kuma ambaci aikinta. Kuma don Allah a mayar wa makaɗi kwafinsa.

Malam Na-Zazzau: Gaskiya ne Hajiya. Kan rubuta kiɗan: layukan Turawa ba sa kama kalangu, tunda matsa tsarkiya ke ɗaga sauti ya sauke shi yana kwaikwayon karin harshe. A rubuta kalmomin da gangar ke faɗa da karin sautinsu, a duba hawa da saukar a manhajar Praat, a jera su da bidiyo a manhajar ELAN. Duka kyauta ne. Nan ɗalibin Hausa ya fi baƙo, kunnensa ya riga ya san taken.

Ɗan Maraɗi: A wajenmu a leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, akwai kayan kiɗa da tsofaffin sautuka. Ana buƙatar Faransanci don karanta bayanansu.

Ɗan Gobir: Allah ya saka. Saura aikin yi.

Hajiya Malama: Ƙanena, kujerar koyar da wannan fanni kaɗan ce, har a Amurka. A Arewa mai digirin yakan faɗa sashen harsuna, wasan kwaikwayo ko aikin jarida, kuma sai da digiri na uku ake zama daram. Malamin makarantar gwamnati zai iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Sauran ƙofofin su ne gidajen rediyo, gidajen tarihi irin Gidan Makama, hukumomin al'adu, hukumar haƙƙin mallaka, da shirya takardun gadon al'adu na UNESCO, irin waɗanda suka shigar da bikin Argungu a 2016 da hawan Daba na Kano a 2024.

Injiniya: Wanda ya fi ƙarancin ma'aikata shi ne ceto tsofaffin kaset da faifan zare, zafi da ƙura suna cinye su kullum. Ana so mutum ya iya goge kan na'ura, ya saita shi daidai da kowane kaset, ya juye sau ɗaya ba tare da tace sautin ba, sannan ya gane wane ne ke waƙar, wane sarki ake wa. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin tallafa wa taskokin da ke cikin haɗari, kuma sai da cibiyar da za ta riƙe kwafin a ƙasar ake nema. A fara da lissafin kaset 50 na gida ɗaya, a haɗa shi cikin takardar neman gurbi.