Saɓani ya shiga rukuninmu na aikin aji a WhatsApp, yaya za mu yi?

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya raba mu biyar-biyar domin mu rubuta aiki guda tare, muna tattaunawa a WhatsApp, muna rubutun a Google Docs. Ɗaya daga cikinmu ya goge sakin layin da wata ta rubuta a gabatarwa ba tare da ya sanar da ita ba, tun daga ranar kuma ta yi shiru, sai dai mu ga alamar ta karanta saƙo. Shin mu kai maganar gaban malami, ko mu sasanta a tsakaninmu?

Malamin koyar da ilimin tarbiyya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ku yi gaggawar kai ƙara. Tun 1995 mai bincike Karen Jehn ta bambanta saɓani a kan aiki da saɓanin da ya shafi zuciya da mutunci, kuma naku ya fara ne a kan aiki, yana neman komawa na zuciya. Abin da ke hanzarta hakan shi ne rubutu ba ya ɗauke da murya ko fuska, don haka gajeren saƙo kamar "wannan bai yi ba" sai a karanta shi da zafin da mai shi bai nufa ba. Sakin layin bai ɓata ba, domin tarihin gyare-gyare na Google Docs yana ajiye sauye-sauyen tare da sunan wanda ya yi su. Ku maido da shi, sannan ku koma yanayin ba da shawara, inda gyara ba ya zama sai an amince da shi.

Tsohon ɗalibi:
Malam, ina da ƙari. Ba kowane shiru ne fushi ba, wani lokaci data ce ta ƙare ko wayar babu caji. Mutum ɗaya ya kira ta shi kaɗai ya ji ta bakinta, kada a taru a kanta a rukuni. Shi kuwa wanda ya goge, tunda a idon kowa ya yi, a idon kowa ya kamata ya ba ta haƙuri.

Malama mai duba ayyukan ɗalibai:
Na yarda da su duka, amma ku tuna maki ɗaya za ku raba. Idan ranar miƙa aiki ta matso ba ta dawo ba, ku sanar da malaminku, ku nuna masa tarihin gyare-gyaren maimakon hotunan hirarku.