Tagwayen tunkiyata sun zama marayu, cikin ɗaya ya kumbura

Uwar gida, Mai Wurno:
Salamu alaikum daga nan ƙasar Sudan. Tunkiyata ta haifi tagwaye, kwana 4 da haihuwa ta mutu. Alhamdu lillahi sun sha dakashi. Yau kwanansu 19. Nonon akuyar maƙwabciyata nake zuba musu a kwano, in ya yi kaɗan in ƙara da kunun fatarita, wata irin dawa. Tun shekaranjiya cikin namijin ya kumbura ta hagu, in na ƙwanƙwasa sai ka ce ganga, ga zawo mai tsami. Da kuɗin ɗinkina na sayi uwarsu, wallahi ko barci ba na iyawa. Ina na yi kuskure?

Tsohon makiyayi, Gadarif:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, 'yata. Ki ajiye kwanon nan, ki nemo kwalba mai kan roba su riƙa tsotsa, nonon da ɗumi, kaɗan-kaɗan sau 4 a yini. Kunu kuwa ki daina yau ɗin nan.

Ɗalibin likitan dabbobi, Sinnar:
Gaskiyar Baba ce, Yaya. Cikin tunkiya ɗaki 4 ne, amma a jariri na ƙarshen ne kawai ke aiki sosai, tumbin bai buɗe ba tukuna. In yana tsotsa, akwai wata 'yar kwata da ke naɗewa ta wuce da nono kai tsaye can. In ya kafa kai a kwano yana kwankwaɗa, wani ya zube cikin tumbi ya yi tsami, iska ta taru. Kunun ya ƙara dagula abin.

Tumbi ba ya girma da nono. Ki ajiye musu dusa cikin tafin hannu da ɗan ambaz, wato tunkuzar da ke saura bayan an matse mai, da busasshen barsim mai laushi, wato ciyawar da ake nomawa don dabbobi, su riƙa taɓawa da kansu. Ruwa daban a kwano kullum, don ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a tumbi suna buƙatarsa. In kin ga suna tuƙa, ya fara aiki. Kada ki yaye su kafin wata 2, kuma ki tsare su daga sabon tohon abu sab'in, dawar da ake shukawa don dabbobi, yana da guba.

Mai kumburin nan, in ya ƙi tsotsa ko numfashinsa ya yi sama-sama, a kai shi wurin likita kada ya kwana.

Uwar gida, Mai Wurno:
Allah ya saka muku da alheri. Na samo kwalbar, macen ta kama nan take. Namijin sai da na shafa masa nono a baki ya yarda, ya sha rabi. Gobe da sassafe ƙanena zai kai shi Sinnar.