Na tura wa likita hotona ta waya, wa kuma zai iya gani?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Likitar fata da ke duba ni ta bidiyo ta ce in tura mata hoton ƙurajen cinyata da sakamakon gwajin jini ta WhatsApp. Na tura, amma hankalina ya ƙi kwanciya, don sunana da shekaruna duk suna jikin takardar.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, ba a buɗe shi a hanya. Matsalar tana wayar likitar: hoton yakan sauka cikin sauran hotunanta, yaro ya ɗauka ya gani, ko ta kawo mana gyara. Kwafin saƙonnin da WhatsApp ke ajiyewa a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, shi ma ba shi da wannan kullen sai an kunna shi.

Ɗan Jami'a: Manhajojin ganin likita sun fi ba ni tsoro. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa manhajar BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 kan miƙa bayanan masu neman shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ga Facebook da Snapchat saboda talla.

Anti Nas: 'Yar'uwa, haƙƙinki ne ki roƙe ta ta goge hoton da zarar ta rubuta a fayil. Nan gaba kada fuskarki ta fito.

Maman Biyu: Na gode Anti, yau zan kira ta.