Kalma ɗaya ta haɗa ni rigima da uwar ɗaliba, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, wata bakwai ke nan da fara aiki, kuma sai da na yi shekara biyu a gida bayan bautar ƙasa kafin mijin yayata ya samo min wajen. Turanci aka ɗauke ni in koyar, amma da malamin labarin ƙasa ya ajiye aiki sai aka lafta min ajinsa, ba ƙarin ko sisi. Ranar Laraba ina koya wa 'yan aji biyu nahiyoyi bakwai, na rubuta continent a allo, sai wata yarinya ta ɗaga hannu wai mamanta ta ce kalmar tana nufin mai iya riƙe fitsari. Aji ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Na ɗauka rashin kunya ce, na hukunta ta. Jiya sai ga uwar, ashe ma'aikaciyar jinya ce, da ƙamus a hannu. Shugaban makaranta ya ce ranar Litinin in ba yarinyar haƙuri a gaban aji. Wallahi ban runtsa ba. Da gaske kalmar tana da wannan ma'anar? In ba da haƙurin ko in ƙi?

Maman Walid: Wane irin hukunci kika yi mata? Nan ne kika tsallake.

Malam Na-Zariya: Ƙanwata, yarinyar ta fi ki gaskiya, kuma tushen ma'anar da ta kawo ya girmi taki. Kalmar daga Latin take: con, wato tare, da tenere, wato riƙewa. Tun ƙarni na 14 Turawan Ingila suna kiran mai kamun kai, wanda bai bin sha'awa, da wannan kalma. Daga nan likitoci suka ɗauke ta ga mai riƙe fitsari da bayan gida, wanda ya kasa kuma su ce incontinent. Ita ma'anar ƙasa a ƙarni na 16 ta shigo, daga terra continens, ƙasar da ke riƙe da juna, ruwa bai yanke ta ba. Da farko ma ba manyan nahiyoyi kaɗai ake nufi ba, duk babban tudun da ba tsibiri ba ne. Shi ya sa har gobe in Baturen Ingila ya ce zai je the Continent, babban tudun Turai yake nufi, kamar Faransa ko Jamus, don shi a tsibiri yake zaune. Kwantenar da tirela ke ɗaukowa daga Legas ma tushensu ɗaya. Ki ba da haƙuri, ki mayar da abin darasi.

Ummu Safiyya: Kar ki kuskura. Ranar da kika ba ɗaliba haƙuri gaban aji, ranar kika sayar da mutuncinki. Ni shekara huɗu na yi a irin makarantun nan, albashi sai goma ga wata, uba ya zo ya zage ni a kan biro, shugaba yana tsaye yana washe baki don kar a cire yaro. Iyaye su ne sarakai a wajen.

Mai tambaya: Malam na gode, amma ni darasin labarin ƙasa nake yi, ba na asibiti ba. Kuma da kun ga yadda take murmushi tana faɗa.

Ɗan Maradi: Ni abin da ya ɗaure min kai bakwai ɗin nan. Mu a lakwal nahiyoyi biyar mushe ya koya mana: Afirka, Amurka, Asiya, Turai da Oseyaniya. Kalmar kuwa haka take a Faransanci, da ma'anonin biyu duka.

Malam Na-Zariya: Ba wanda ya yi ƙarya tsakanin mushenku da ita, lissafin ne ba ɗaya ba. Ku kun haɗe Amurka ta Arewa da ta Kudu, kun bar Antatika da ba mazauna, shi ne zobba biyar na tutar Olamfik. A Rasha shida ake koyarwa, Turai da Asiya a haɗe. In asalin kalmar za a bi ma su suka fi kusa, don ba tekun da ya raba Turai da Asiya, duwatsun Ural aka ɗauka iyaka. Afirka kanta manne take da Asiya ta Sina'i, mashigin Suwez haƙa shi aka yi, aka buɗe a 1869. Har tamu "nahiya" aro ce daga Larabci, can gefe ko yanki take nufi, su Larabawan ƙarra suke cewa. Kin ji tsoho ya ce "mutanen nahiyarmu", ai ba Afirka yake nufi ba.

Anti Nas: Ni ma aikin jinya nake, kullum muna rubuta kalmar a takardar marasa lafiya. Amma uwar ma ta yi garaje, me ya kai ta wajen shugaba kafin ta same ki? Ki kira yarinyar ofis ki lallashe ta ku biyu, shike nan.

Malam Na-Zariya: A gaban aji aka kunyata ta, a gaban aji za a wanke ta.

Ummu Safiyya: Malam kai a jami'a kake, ba ka san yaran yanzu ba.

Mai tambaya: Ni fa ba ƙin gaskiya nake ba. Littafin da aka ba ni ma'ana ɗaya ce a ciki, kuma ba ni na roƙi ajin ba. In na ƙi, mijin yayata zai ji, in na yi, yaran nan ba za su ƙara jin maganata ba.

Maman Walid: Har yanzu dai ba ki faɗi hukuncin ba. Durƙuso ne ko bulala?