John Bright masoyin Ayalan ne ko a baki kawai?

Malam Habu: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, a majalisar Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya ba a yi mai gaskiyar John Bright ba. Lokacin yaƙin Kirimiya a 1854 kowa na ihun a far wa Rasha, shi ya miƙe ya ce asarar rayuka ce da kuɗin masu biyan haraji, har mutanen Manchester suka kayar da shi a zaɓen 1857 amma ko gezau. Kuma Ayalan, wadda a lokacin daga Landan ake mulkinta, ba ta da masoyi kamarsa a cikin Turawan Ingila.

Ladidi: Malam na yarda da maganar yaƙi, amma ta Ayalan kam a'a wallahi. A 1886 da Firaminista Gladstone ya kawo ƙudurin ba su majalisarsu a Dublin ina gwanin naka ya tsaya? Da 'yan adawa ya kaɗa ƙuri'a, ƙudurin ya faɗi 343 da 313, kuma da yawa cikin 'yan Liberal, jam'iyyar Gladstone, da suka ɓalle sunansa suka fake da shi.

Malam Habu: Ƙanwata kin tsallake shekaru kusan arba'in kin kama guda ɗaya. Mutumin nan ya je Ayalan da ƙafarsa a 1849 bayan yunwar dankali, ya dawo yana ta faɗan a daina fifita cocin Angilika a ƙasar da yawancinta Katolika ne, aka yi hakan a 1869, sannan dokar filaye ta 1870 akwai sashen da har sunansa ake kira da shi, gwamnati ta ranta wa manomi kashi biyu cikin uku na kuɗin gonar da yake haya ya saya ya biya cikin shekara 35.

Ɗan Borno: To Malam manomin da kuɗin haya ma ke gagararsa ina zai samo ragowar kashi ɗayan? Ko mutum dubu ba su sayi gona ta wannan hanyar ba fa.

Ladidi: Yauwa yaya, faɗa masa. Kuma a 1881 yana minista aka yi dokar tsare mutane ba shari'a, da ita aka kulle Parnell, jagoran masu neman 'yancin Ayalan, a kurkukun Kilmainham, bai ajiye muƙami ba. Sai da jiragen ruwan Ingila suka yi wa Iskandariya ruwan wuta a 1882 ya yi murabus. Wato zaluncin Masar ya gani, na maƙwabta bai gani ba.

Malam Habu: Haba, murabus ɗin ma laifi ne? Shi ɗan ɗariƙar Quaker ne, zubar da jini ne ba ya so, ko na soja ko na masu kashe masu gonaki a ƙauyukan Ayalan. Ra'ayinsa a yi masu adalci daga Landan, ba a raba majalisa biyu ba.

Ladidi: Ai nan gizo ke saƙar Malam. Yana son ya yi masu alheri, amma su riƙe akalarsu da kansu ne bai yarda ba. Su kuwa kujeru 85 suka ba jam'iyyar Parnell a Ayalan a zaɓen 1885, sun riga sun faɗi abin da suke so.

Ɗan Borno: Malam Habu yana rubutu yana gogewa tun ɗazu 😂