Bayan an naɗe tabarmin makoki

Mai takaba, gefen Gumel:
Salamu alaikum. Yau kwanana 52 cikin takaba. Ranar Alhamis maigida ya tafi kasuwar Maigatari sayar da bijiminmu, ya bar rabin kununsa ya ce in rufe masa. Da la'asar sakaliya aka shigo da gawarsa, motar da ta kwaso su ta ƙwace a hanya. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ba ciwo, ba jinya, ko yafiya ba mu nema wa juna ba.

Kwana uku gida ba masaka tsinke. Ana yin sadakar bakwai kowa ya kama gabansa, ga gero ya isa yanka. Sai a sannan mutuwar ta shigo ɗakina. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida sai in miƙe. Ku da kuka sha wannan, yaya kuka yi da dare?

'Yar Majiya, Taura:
Allah ya jiƙansa, 'yar uwa. Ke ko kin ga fuskarsa. Nawa yana cikin waɗanda gobarar tankar mai ta ci a garinmu, Oktoban 2024. Hayaniya ya ji cikin dare, ya ɗauki fitila ya ce bari ya gano. Kabari ɗaya aka yi musu su da yawa, don wasu ba a iya shaida su. Na daɗe ina raya wa kaina ƙila yana kwance a asibitin Ringim ko Haɗeja ba a gane shi ba. Dare kam ba ni da maganinsa. Ƙanwata na ɗauko ta riƙa kwana ɗakina har na fita takaba. Kada ki kwana ke kaɗai.

Manomin shinkafa, Kura:
Mu maza ba mu da takaba, shi ya sa ake zaton abin bai ci mu ba. Uwar yarana ta sauka lafiya da asuba, jini ya ɓalle, kafin mu samo mota rai ya yi halinsa. Ran huɗu ina gona. Ran bakwai kawu ya ja ni gefe, wai ga ƙanwarta nan, ko don jaririn. Na san ba mugunta ba ce, amma ji na yi kamar ya ɗora mini garwashi.

Cikin shinkafa nake shiga in yi kukana. Limaminmu ya riske ni wata rana, bai ce in yi shiru ba. Ya tuna mini Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib ita ake kira shekarar baƙin ciki. Kururuwa da marin fuska aka hana, ba hawaye ba.

Inna, ƙauyen Ɗambatta:
'Yata, wata huɗu da kwana goma Allah ya ce a Baƙara, aya ta 234. Mai ciki kuwa sai ta sauka. Ki bar kwalli da lalle da turare, ki kwana ɗakinki. Amma riƙe wuƙa, da wai sai Juma'a za ki yi wanka, camfin tsofaffi ne. Ni an sa ni na yi, ƙwarƙwata kawai na samu. Yi wankanki.

Ki kuma sa ido kada gado ya daɗe ba a raba ba, gona ta zama ta ƙannen miji da sunan riƙo. Tumuni ne rabon mata in akwai 'ya'ya, mu biyu muka raba namu. Malam yana alwala ya faɗi, shi ke nan. Abokiyar zamana, wadda muka shekara 19 muna hararar juna kan kwanan girki, ita ta zame mini magani. Duk duniya mu biyu kaɗai muka san irin gyaran muryar da yake yi a zaure kafin ya shigo. Da dare sai ɗaya ta kwaikwaya, mu yi dariya, mu ɓige da kuka.

Mai takaba, gefen Gumel:
Na gode, Inna, Allah ya saka. Wuƙar tana ƙarƙashin matashina, yau zan mayar da ita madafa. Na aika gida a turo mini autarmu. Kwanon kunun ne dai har yanzu. Na wanke shi, na kife a kan rumfa, ban bar kowa ya sha a ciki ba.